Hoton Fim Da Hoton Waya: Wanne Ya Fi Riƙe Mana Kamannin Iyayenmu?



A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo mana. Yaro zai zaro tsohon hoton kakansa daga ƙasan akwati, ya ɗauke shi da waya, ya jefa shi cikin manhajar gyaran hoto. Kafin minti ɗaya sai ga tsoho ya fito fes, da kala, fuska sumul kamar ta ango. Nan da nan a shiga yaɗawa ana sa wa yaro albarka. Amma idan aka nuna wa waɗanda suka zauna da marigayin, wani lokaci sai su yi jim, su ce wannan kam bai yi kama da Malam ba. Tsagar da ke kumatunsa ta ɓace, fatarsa ta yi haske, idanun ma sai ka ce na wani ne.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin hoto a wannan yanki namu, mu ga abin da ya sa hoton fim na zamanin iyayenmu yake da kamanni daban da hoton waya na zamaninmu. Abin da tarihin yake nuna mana shi ne, kowane hoto akwai wanda ya yanke hukuncin yadda fuskar mutum za ta fito a cikinsa. A da mai hoton gari ne yake yanke wannan hukunci da hannunsa. Daga baya injin wankin hoto ya karɓe. Yanzu kuma manhajar da ke cikin waya ce take yi, ba tare da ta nemi shawararmu ba.

KYAMARA TA FARA ZUWA NE A HANNUN BAƘI

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a shekarar 1839. A 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da kyamarar Kodak wadda take zuwa da fim na hoto 100 a cikinta, abin da ya sa ɗaukar hoto ya fita daga hannun ƙwararru kaɗai. Ba a jima ba Turawa suka shigo ƙasar Adamawa da kyamarorinsu.

Kamar yadda muka sani, Mubi ta faɗa ƙarƙashin mulkin Jamus a farkon ƙarni na 20, a matsayin wani ɓangare na Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, Arewacin Kamaru ya zaɓi shiga Najeriya, ranar 1 ga Yunin wannan shekara aka tabbatar da haɗewar, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. A tsawon waɗannan shekaru, mafi yawan hotunan da aka ɗauka a wannan yanki jami'an mulki ne da masu bincike da 'yan mishan suka ɗauke su. Misali, 'yan mishan sun kafa sansaninsu a Garkida a 1923, shi kuma C. K. Meek ya wallafa littafinsa kan ƙabilun Arewacin Najeriya a 1931, har da na ƙasar Adamawa. Shi ya sa yawancin tsofaffin hotunan kakanninmu suke ajiye a ɗakunan adana tarihi na Turai da Amurka, ba a gidajenmu ba.

Duk wanda ya taɓa ganin irin waɗannan hotuna zai lura da abu biyu: sararin sama fari fat, fuskokin mutane kuma baƙi ƙirin. Dalilin yana cikin sinadarin da aka shafa wa gilashi ko fim na wancan lokaci. Yana jin shuɗi da kore, amma ba ya jin ja. Fatarmu kuwa tana da sirkin ja da ruwan ƙasa a cikinta, saboda haka sai ta fito da duhu fiye da yadda ido yake ganinta. Fim mai jin dukkan launuka ya shiga kasuwa a 1906, amma sai da aka ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare. Wato tun daga ranar farko, sinadarin da aka haɗa a wata ƙasa yana da ta cewa a kan yadda muke fitowa.

ZAMANIN MAI HOTON GARI

Daga shekarun 1940 zuwa na 1970 sana'ar ta dawo hannun 'yan ƙasa a faɗin Afirka ta Yamma. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Malick Sidibé ya biyo baya a birnin, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007. A Benin akwai Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba. J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu. A Yamai akwai Philippe Koudjina. A maƙwabtanmu na Adamawar Kamaru, Joseph Chila a Mayo Darle da Samuel Finlak a ƙauyen Atta sun shafe shekaru suna ɗaukar mutanen yankinsu, har aka baje hotunansu a babban gidan hotunan fuska na Landan a 2005. Waɗannan sunayensu ya fita duniya, amma kowane gari mai kasuwa yana da nasa mai hoton, kuma irin aikin da suke yi ɗaya ne.

Mu tuna yadda abin yake. Mai hoto yana da labule mai zane a bayan shago, da kujera, da tulun fure na roba, wani lokaci da rediyo ko agogo ko keke na ado. Mutum zai yi wanka, ya sa kayan Sallah, ya zo ya tsaya ƙyam. Kyamarar shago mai ido biyu tana cin fim mai faɗin santimita 6, hoto 12 kacal a naɗi ɗaya. Ƙaramar kyamara mai fim na milimita 35 kuma tana ba da hoto 24 ko 36. Tunda kowane dannawa kuɗi ne, ba a danna sai an gyara zaman hula, an daidaita ɗaurin ɗankwali, an ce kowa ya dubi nan. Wannan nutsuwa da kwarjini da muke gani a fuskokin iyayenmu a tsofaffin hotuna, wani ɓangarensa daga tsadar fim ya samo asali.

Shi fim leda ce da aka shafa wa wani abu mai kama da ƙaro, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya taɓa su sai su canza, amma ido ba ya gani sai an shiga ɗaki mai duhu an tsoma fim a ruwan magani. Inda haske ya bugi fim da yawa sai ya yi baƙi, inda bai buga ba sai ya zama garau. Abin da muke kira dodon hoto ke nan: farar riga ta koma baƙa, baƙar fuska ta koma fara. Daga nan sai a haska dodon a kan takarda mai sinadari, a ƙarƙashin jar fitila, a tsoma ta a magani, a ɗauraye, a shanya.

A wannan mataki ne gwanintar mai hoto take fitowa. Ya san fatar mutanensa, domin irinta ce a jikinsa. Idan ya ga fuska za ta yi duhu da yawa, sai ya sa hannunsa ko ɗan guntun kwali ya tare hasken da ke sauka a kan fuskar na 'yan daƙiƙoƙi, ya bar shi ya ci gaba da sauka a kan farar riga har aikin da ke wuyanta ya fito. Shi ya sa za ka ga hoton baƙi da fari na shekarun 1960 wanda fatar mutum take sheƙi a cikinsa, tsagarsa a bayyane, askar da ke gaban rigarsa ana iya ƙirga ta.

Kada mu ce zamanin fim babu gyara. Akwai masu bin dodon hoto da fensir suna share ƙuraje, akwai masu shafa kala da buroshi a kan takarda, kuma Alonge na Benin ya yi suna a wannan. Bambancin shi ne mai gyaran ya ga mutumin da idonsa, kuma idan ya wuce gona da iri mai hoto zai dawo masa da kayansa.

HOTO MAI KALA DA MATSALAR BAƘAR FATA

Kodak ya fito da fim mai kala na Kodachrome a 1935, amma kala ba ta zama ta kowa ba a wajenmu sai a shekarun 1980, lokacin da injinan wankin hoto suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Garin da babu injin, sai mai hoto ya tara fim ya aika babban birni, a jira kwanaki. Daga nan sana'ar ta canza. Mai hoto ya bar ɗakin duhu ya hau keke ko babur, yana bin gidajen biki da suna da filin idi da makarantu. Aikinsa ya koma dannawa, wanki kuma ya koma hannun inji.

Fim mai kala hawa uku ne, ɗaya yana jin shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. A wajen wanki ana cire azurfar gaba ɗaya, sai a bar rini iri uku su haɗu su ba da hoton. To, wa yake gaya wa inji yawan rinin da ya dace? Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanki wani katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Da fatar wannan mata ake saita inji. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta wallafa bincike a 2009 inda ta nuna cewa daga cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya inganta yadda fim yake nuna launin ruwan ƙasa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a 1995 aka fito da katin gwaji mai mata uku, har da baƙar fata.

Mu da muka buɗe albam na shekarun 1980 da na 1990 mun san sakamakon. Hoton ango da abokansa a tsakar rana, fararen riguna sun fito, fuskoki kuwa sai idanu da haƙora. Hoton amarya da daddare da fitilar kyamara, goshi yana ƙyalli, bayanta duhu dulum. Duk da haka waɗannan hotuna suna da wani taushi da ɗumi na launi wanda matasa a yau suke biyan kuɗi su kwaikwaya.

Akwai wani abu da ya kamata mu sani game da wannan ɗumi. Jan-jan ko ruwan ɗorawar da muke gani a tsofaffin hotuna masu kala, yawanci ba haka suka fito daga inji ba. Rinin nan uku ba sa tsufa tare. Idan ɗaya ya riga sauran kwaɗewa, sai hoton ya karkata zuwa launin waɗanda suka rage. Zafi da laima suna hanzarta wannan, ga shi mu muna da zafin bazara da laimar damina a ƙarƙashin rufin kwano. Hoton baƙi da fari da aka ɗauraye da kyau, shi azurfa ce zalla, yana iya haura shekara ɗari. Shi ya sa a gida ɗaya za ka tarar hoton kaka na 1965 ya fi hoton uba na 1988 lafiya.

ZUWAN DIJITAL

Abin mamaki, a cikin kamfanin Kodak ɗin ne aka ƙera kyamarar dijital ta farko. Wani matashin injiniya, Steven Sasson, ya haɗa ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Kamfanin ya ci gaba da dogaro da cinikin fim, har ya daina yin Kodachrome a 2009, ya kuma nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Janairun 2012.

A yankinmu canjin ya shigo ta ƙofar fasfo. Hoton katin shaida da na jarrabawa da na aikin Hajji shi ne abincin yau da kullum na mai hoton gari. A Kamaru, da gwamnati ta fito da sabon katin ɗan ƙasa a ƙarshen shekarun 1990, wanda ake ɗaukar hotonsa da kwamfuta a wurin rajista, sai kasuwar masu hoton baƙi da fari irin su Chila da Finlak ta durƙushe. A Najeriya wayar salula ta GSM ta fara aiki a Agustan 2001, bayan wasu shekaru kuma wayoyi masu kyamara suka cika kasuwa. A gari irin Mubi, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, ɗalibai ne suka fi saurin rungumar abin, kuma unguwarmu ta Wuro Patuji cike take da su.

A cikin waya babu azurfa babu rini. Akwai wani ɗan faranti mai jin haske, wanda a yawancin wayoyi bai kai faɗin farcen yatsa ba, an jera miliyoyin ɗigo a kansa layi-layi. Kowane ɗigo launi ɗaya yake gani: rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer ya yi wa rajista a 1976. Sauran launuka biyu da ɗigon bai gani ba, lissafi ne yake cike su daga maƙwabtansa. Bayan haka manhaja ta share ƙura, ta ƙara kaifi, ta ƙara kala. Wayoyin zamani sukan ɗauki hoto da yawa a dannawa ɗaya su haɗe su. Abin da muke gani a fuskar waya ya riga ya bi ta hannun gyara kafin ya iso gare mu.

A nan dijital ya yi mana wani alheri. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ya gina kasuwarsa a Afirka da saita kyamara ta gane baƙar fuska ta ba ta hasken da ya dace. Kamfanin Google ma ya sanar da irin wannan gyara a wayarsa ta Pixel 6 a 2021. Yau ana iya ɗaukar mutum da magariba fuskarsa ta fito, abin da fim mai kala yake kasawa. Sai dai alherin ya zo da ƙari. Wayoyi da yawa suna da maɓallin ƙawata fuska, mai goge fata ya ƙara mata haske, wani lokaci a kunne yake tun daga shago.

IDAN AKA JERA SU, INA BAMBANCIN?

Mu ɗauki abu ɗaya da kowa ya sani: dattijo da farar babbar riga ta shadda a filin idi da hantsi. Wannan jarrabawa ce mai wuya ga kowace kyamara, domin riga tana ƙyalli, fuska kuma tana cikin inuwar hula ko rawani. Fim yana da haƙuri da haske. Ko rana ta yi yawa, farin yana tafiya a hankali, zaren aiki bai cika ɓacewa ba. Rauninsa yana wajen inuwa, inda fuska take nutsewa. Dijital kuma akasin haka ne. Yana iya tono abin da ke cikin inuwa, amma idan haske ya cika ɗigo, shi ke nan, wurin ya zama fari fat babu abin da za a ceto. A hoton da aka saba ajiyewa a waya, kowane launi matakinsa daga 0 zuwa 255 ne, babu sama da haka. Wayoyi suna magance wannan da haɗa hotuna masu haske daban-daban, shi ya sa hoton waya yake fitowa ko'ina a haske, babu inuwa mai zurfi, kamar an shimfiɗa shi.

Na biyu, ƙwayar hoto. Idan aka faɗaɗa hoton fim za a ga tsaki-tsaki kamar yashi, a warwatse babu tsari, domin haka ƙwayoyin azurfa suke. Ido yana karɓar wannan kamar saƙar zane. Idan aka faɗaɗa na waya kuma, sai a ga 'yan murabba'ai, ko a ga fata ta yi laushi kamar an shafa mata man kaɗanya, saboda manhaja ta ɗauki ramukan fata da ƙananan layuka a matsayin datti ta share su. Tsaga siririya da zanen lalle da furfurar gemu suna cikin abubuwan da wannan shara take ci.

Na uku, nisa. Mai hoton da yana tsayawa taku da yawa daga mutum, saboda haka hanci da kunne da goshi kowanne yana fitowa daidai girmansa. Hoton da mutum yake ɗaukar kansa da waya kuwa daga tsawon hannu ne, abin da ya fi kusa da kyamara shi yake girma, hanci ya faɗaɗa, kunnuwa su ja baya. Haka kuma babban fim yana sa bayan mutum ya dushe a hankali da kansa, ita kuwa waya lissafi take yi ta yanke mutum daga bayansa, shi ya sa wani lokaci take cinye gefen gyale ko bakin hula.

Na huɗu, yanayin gari. Lokacin hunturu, idan hazo ya rufe duwatsun Mandara, fim yakan nuna shi yadda yake, fari-fari da ƙura. Waya tana son ta ƙara shuɗin sama da koren ganye. Jikokinmu da za su kalli hotunanmu za su iya zaton Mubi ba ta taɓa yin ƙura ba.

WANNE YA FI DAƊEWA?

Wannan tambaya mu mutanen Mubi ba a littafi muka karanta ta ba. A daren 1 ga Oktoban 2012 'yan bindiga suka shigo Wuro Patuji suka kashe mutane fiye da ashirin, yawancinsu ɗalibai. Allah ya jiƙansu. Iyayen da suka rasa ɗa a irin wannan hali sun san darajar ɗan ƙaramin fasfo. A ƙarshen Oktoban 2014 kuma Boko Haram ta mamaye garin, jama'a suka fita da ƙafa, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu kan duwatsu, har zuwa tsakiyar Nuwamba da aka ƙwato shi. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar albam. Waya ce take cikin aljihu. A wannan karo hoton dijital ya tsira, na takarda ya zauna a gida yana jiran abin da zai same shi.

Amma waya ma tana da irin tata mutuwar. Ta faɗa ruwa, a sace ta, katin memori ya lalace, a manta lambar sirri, hotunan shekara biyar su tafi a rana ɗaya. Wanda aka tura ta WhatsApp ko aka ɗora a Facebook kuma an matse shi an rage masa nauyi, an cire bayanan ranar da aka ɗauke shi. Kowane turawa da ɗaukar hoton fuskar waya yana ƙara rage shi. Tsohon hoton takarda kuwa sau da yawa yana ɗauke da hatimin mai hoto a bayansa, ko rubutun hannu da boko ko ajami, ko kwanan wata da jan rubutu a kusurwa.

Dodon hoto yana da wani sirri: yana riƙe bayani fiye da abin da takardar farko ta nuna. Adamu Halilu, ɗan ƙasar Adamawa, ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano dodonsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka kwafe shi zuwa dijital tare da wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A Bangui, lokacin rikicin 2014, an wawashe gidan mai hoto Samuel Fosso, wasu 'yan jarida suka tsince dubban dodon hotonsa daga ƙasa suka cece su. A Mbouda ta Kamaru, masanin nan David Zeitlyn, da tallafin Babban Laburaren Birtaniya, ya kwafe dubun-dubatar dodon hoton Jacques Toussele, wanda shi ne ya koya wa Joseph Chila sana'a. A duk waɗannan misalai fim ne ya riƙe amana, dijital kuma ya raba ta ga duniya. Ɗaya bai wadatar ba sai da ɗayan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mu koma kan manhajar gyaran hoto. Ita ba ta san kakanmu ba. An koya mata ne da miliyoyin fuskokin wasu mutane, idan ta tarar da wuri ya dushe sai ta cike shi da abin da ta saba gani. Kalar da take sa wa rigar baƙi da fari ma zato ne. Babu laifi a yi don nishaɗi, laifin shi ne a jefar da na asali, ko a bar na gyaran ya zama shi kaɗai jikoki za su sani. Tsagar da take gogewa ita ce take faɗin asalin mutum da zuriyarsa, ga shi al'adar tana ƙarewa, nan gaba a hoto kaɗai za a gan ta.

Saboda haka muna ba juna shawara. Duk mai tsohon hoto ya kwafe shi gaba da baya. In da hali a yi da na'urar sikanin a shagon kwamfuta, a ce su sa ƙarfinta a 600 idan hoton ƙarami ne. In da waya za a yi, a yi a inuwa da rana, a kashe fitila da maɓallin ƙawata fuska, a riƙe wayar daidai saitin hoton. A ajiye wannan kwafi yadda yake. In an yi na kala, a rubuta a jikinsa cewa gyararre ne. Wajen turawa 'yan'uwa a tura shi a matsayin takarda, domin ta haka ba a matse shi. A ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a hannun ɗan'uwa da ke wani gari.

Kada a manne tsohon hoto cikin leda da injin zafi, domin idan ya kama ba ya fita. A raba hotuna da farar takarda a tsakaninsu, a nisanta su da laima da gara da zafin kwano. Wanda ya ga dodon hoto a tsohuwar ambulan kada ya ba yara su yi wasa da shi. Idan akwai tsohon mai hoto a unguwa, ko iyalansa, a je a gaishe su a tambayi inda kwalayensa suke, domin a cikinsu akwai fuskokin rabin gari. Hotunan wayarmu kuma, kowace shekara a zaɓi ko da ashirin a wanke su a takarda.

Mafi gaggawa shi ne suna. A zauna da Baba ko Inna ko Goggo tun suna raye, a nuna musu hoto ɗaya bayan ɗaya, a rubuta da fensir a baya: wane ne wannan, ɗan wane ne, a ina aka ɗauka, bikin wa ake yi. Hoton da ya rasa suna, ko na fim ne ko na waya, ya zama hoton baƙo.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu lafiya.